Surukina Mai Ɗanɗana Ƙasa

Ranar da muka kai surukina makwancinsa, wuni aka yi ana yayyafi, irin na tsakiyar damina da ba ya hana fita kuma ba ya barin riga ta bushe. Duk da haka ƙofar gidan ta cika har bakin hanyar da ta nufi Bwari. Ƙanensa, wanda dattijo ne a coci, ya zo da mutanensa, suka tsaya daga gefe hula a hannu har muka idar da sallar gawa. Wani tsohon Bafulatani ya sauko daga bayan duwatsu, aka ba shi tabarma ya ƙi zama. Ya dogara sandarsa yana faɗa wa duk wanda ya matso cewa shekara da shekaru shanunsa na kwana a gonar mamacin, ko sau ɗaya ba su taɓa zuwa gaban mai unguwa ba. Daga cikin gida kuwa ana jin matata, 'yarsa ta fari, tana kuka a hankali da yaren Gbagyi, wanda har yau rabinsa kawai nake ji.

Ina zaune kusa da ƙanen nasa muna karɓar gaisuwa, sai wani maƙwabci ya durƙusa gabanmu. Ya yi addu'a, ya yabi mamaci, sannan ya ɗan rage murya ya ce:

"Mutumin kirki ne, wallahi. Wancan abu na gidan dawaki ma ai tsufa ne, ba halinsa ba ne. Kowa ya daɗe a duniya sai ya fara mantuwa. Allah ya yafe masa."

Aka ce amin. Ni ma na ce amin, da bakin nan nawa. Abin da maƙwabcin yake nufi kowa a ƙauyen ya sani: wai Baba ya manta ƙofar filin dawaki a buɗe, goɗiyar maigidan ta mutu, aka kore shi. Baba bai manta da komai ba. Ni na buɗe ƙofar, kuma makullin da na buɗe ta da shi yana cikin aljihuna a lokacin da nake cewa amin.

Na zo Abuja a shekarun da aka tattaro gwamnati daga Ikko, lokacin da duk tudun da ka duba katafila ce a kansa. Ina da takardar makarantar aikin gona, da wuyan riga mai sitaci, da girman kai da ya fi takardar nauyi. Wani babban mutum da aikinsa ya dawo sabon birni ya ɗauke ni manajan gidan dawakinsa a bayan Bwari. Oga muke ce masa. Yana da dawaki goma sha ɗaya, da barga mai rufin kwano, da fili babba da ya kewaye da waya. Burinsa ɗaya ne, ya ga dawakinsa suna kiwo cikin koriyar ciyawa kamar yadda ya gani a ƙasashen da yake zuwa.

Filin kuwa fako ne. Masu yin titi sun kankare saman ƙasar sun kwashi marmara, suka bar jan dandali mai tauri wanda ruwa ke sauka a kansa ya gudu. Ba abin da ke fitowa sai tofa nan da can, ita ma a wahale. A nan na tarar da tsohon yana gadi da gyaran shinge. Daga baya na ji cewa filin gonar doyar mahaifinsa ce kafin a yanka ta a takarda. Bai taɓa yi mini kukan haka ba. Wata rana dai muna tafiya ya nuna wani wuri da haɓa ya ce nan rumbunsu yake, ya wuce.

'Yarsa ce ke kawo masa abinci, a bakin shingen na fara ganinta, kafin damina biyu muka yi aure. Oga bai san maigadinsa surukina ne ba, don ban taɓa faɗa masa ba. A gida ina durƙusawa in ce Baba. A wurin aiki, in Oga yana nan, sai in ce "tsoho". Shi kuma ya amsa da "oga manaja", fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ina rubuta wannan ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daminar farko na yi abin da littafi ya ce. Na sa aka watsa buhunan takin zamani da irin ciyawa na kanti. Ruwan farko ya wanke su tas ya kai rafi. Ina tsaye ina kallon jan ruwa yana gudu da aikina, Baba ya zo ya tsaya kusa da ni. Hausarsa irin ta nan ce, ba ruwanta da namiji da mace.

"Oga manaja, ƙasan nan bakinsa a rufe yake. Ka fara buɗe masa baki, sannan ka ba shi abinci."

Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa da yatsu biyu, ya ɗora a harshe, ya ɗan juya ta a baki, ya tofar.

"Tsami. Toka yake so."

Haka yake yi duk inda ya je. Ko gonar wani aka kira shi rabon iyaka, don shi ake kira, sai ya ɗanɗana ƙasar kafin ya yi magana. Wata rana ya yi haka a gaban Oga da uwargidansa. Matar ta toshe baki tana dariya, ni kuwa na yi maza na ce musu da Turanci camfi ne na mutanen ƙauye. Bayan haka na aika da ƙasar wurin gwaji a birni. Aka yi makonni takarda ta dawo, da dogon Turanci ta faɗi abin da harshen Baba ya faɗa kafin a ƙifta ido. Na kai wa Oga takardar, ya ce lallai ya yi dace da manaja, ni kuma na yi murmushi na karɓa.

Daga nan aikin ya koma hannun Baba, sunan ya zauna a hannuna. Da rani ya sa muka bi filin da diga muna haƙa ƙananan ramuka, kowane a zuba masa taki cikin tafin hannu biyu. Ba ɗanyen kashin doki ba. Ya ce doki ba ya cin ciyawa inda ya yi kashi, kuma ɗanyen yana mayar musu da tsutsar ciki. Sai an tara shi a rami da toka da ƙaiƙayi, ya shekara ya yi baƙi ya daina wari. Da gara ta fara shiga ramukan na ce a kawo magani, ya riƙe mini hannu.

"Ma'aikatana ne. Su za su huda inda diga bai kai ba, kuma ba sa neman hutu."

Ya jera duwatsu layi-layi a gicciye da gangaren, don ruwa ya riƙa tsayawa yana gaisawa da ƙasa, in ji shi. Ya shawo kan abokinsa Bafulatanin nan ya riƙa kwana da shanunsa a filin duk rani. Ya roƙi matan ƙauye kada su zubar da tokar murhunsu, suka riƙa kawowa a ƙwarya bisa kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Da ruwa ya sauka ya je bakin rafi ya tono ƙiri-ƙiri, ciyawar nan mai yaɗo, ya riƙa dasa ta da hannu rami bayan rami. Ba ya shiga filin da takalmi. Ya ce takalmi kurma ne, ba ya jin abin da ƙasa ke faɗa.

Ya raba filin kashi uku, ya ce a riƙa hutar da kowane bi da bi. Kashin farko, wanda muka fi wahala a kansa, aka sa wa ƙofarsa kwaɗo. Oga da kansa ya ba da umarni kada doki ya taka shi sai manaja ya ce ya yi. Kwaɗon makulli biyu gare shi. Ɗaya Baba ya rataya a wuya da zare, ɗaya yana wurina, amma Oga na wuyan Baba kawai ya taɓa gani.

A damina ta uku, wata safiya ina ofis ina rubutu, Baba ya shigo ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Ƙafarsa duk taɓo, hannunsa a dunƙule, yana dariya har ana ganin giɓinsa. Ya buɗe tafin hannun a kan takarduna. Tanar ƙasa ce, 'yar siririya, tana motsi.

"Ɗana, duba. Baƙo ya zo. Tun da katafila ya wuce ban ga irinsa a nan ba."

Shekara uku yana jiran wannan tanar. Abin da na ce masa shi ne ya fita da ita, ya ɓata mini takarda. Ya rufe hannunsa a hankali ya fita, ta taga na hango shi ya mayar da ita inda ya ɗauko ya rufa mata ƙasa.

A wannan daminar ce kashin farko ya yi kore shar. Wanda ya san wurin da bai gane shi ba. Sai saƙo ya zo cewa Oga zai kawo manyan baƙi ranar Asabar. Na ce wa Baba a buɗe, a saki dawaki, baƙi su gani. Ya ce a'a. Ƙasar ta sha ruwa ta yi laushi, kofato zai dama ta. Saiwar ba ta kama sosai ba, doki kuwa ba ya yankan ciyawa, tumɓuke ta yake yi. Ga shi dawakin sun saba da dusa da busasshiyar harawa, in suka faɗa wa ɗanya jiƙaƙƙiya cikinsu zai kumbura. A jira ruwa ya ɗauke, ciyawar ta zubar da iri, sannan a riƙa sakin su kaɗan-kaɗan.

"Baba, kwana ɗaya ne fa."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ni na yi karatun abin nan, shekara uku ina makaranta a kansa.

"Ka yi, Allah ya sa albarka. Amma ciyawan bai yi karatu ba."

Wannan ce faɗarmu ta farko kuma ta ƙarshe, kuma shi bai ɗaga murya ba. Ranar Juma'a ya nemi izini ya tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye. Da la'asar, bayan masu kula da barga sun tashi, na ɗauki makullina na buɗe kwaɗon, na kora dawakin ciki, da niyyar su saba da wurin kafin baƙi su zo. Na tsaya ina kallon su cikin koren nan ina jin kaina wani abu. Na bar su a ciki na tafi gida, aka kwana ana ruwa.

Da safe filin ya koma kamar inda aka kwaɓa ƙasar gini. Goɗiyar da Oga ya fi so, wata fara mai baƙin baki, tana kwance cikinta ya yi tim, tana shure-shure. Baba ya dawo ya tarar da mu a kanta. Bai tambayi kowa komai ba. Ya tashe ta da ƙyar, ya riƙa jan ta yana zagayawa da ita, ya ɗura mata kanwa, ya yi duk abin da ya sani. Motocin baƙi na shigowa tana cikawa.

Oga ya tsaya a kan gawar, idonsa ya yi ja. Ya ce wa ya buɗe ƙofar nan. Ba wanda ya amsa. Ya juya ya dubi zaren da ke wuyan Baba, sai ya fara. Ya kira shi tsohon banza, ya ce ƙwaƙwalwarsa ta ruɓe, ya ce mai cin ƙasa dama me za a sa rai da shi. A gaban baƙi, a gaban masu barga, a gaban mijin 'yarsa. Baba ya dube ni sau ɗaya, kallo gajere. Na sunkuyar da kai ina duban takalmina. Sai ya cire hularsa, ya zare zaren daga wuya, ya ajiye makullin a kan turke, ya ce:

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Ya fita ta babbar ƙofa ba takalmi. Makullina yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Matata na da tsohon ciki a lokacin, da wannan na riƙa lallashin kaina, wai don ita na yi shiru. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro ne, da kuma son a ci gaba da ce mini manaja.

Kora ba ita ta fi ciwo ba, don yana da 'yar gonarsa. Abin da ya biyo baya ne. Magana ta zagaya ƙauye cewa tsohon ya fara ruɗewa. Aka daina kiransa rabon iyakar gona. Masu zuwa tambayarsa ranar shuka suka ragu. Mutumin da a da in ya yi magana an gama, ya koma in ya yi magana ana kallon juna. Ina gani, ina zuwa gidansa ina cin tuwon matarsa, ina ce masa Baba.

Sati biyu da korarsa na tarar da buhun toka jingine da shinge daga waje. Bayan sati biyu wani. Haka aka yi ta yi shekara goma sha ɗaya. Shi yake bi gida-gida yana tarawa, ya ɗauko a kafaɗa. Surukata ta yi faɗa har ta gaji. Na taɓa jin ta da kunnena tana cewa wane irin rashin zuciya ne mutum a wulaƙanta shi ya koma yana yi musu dako.

"Oga ne ya kore ni. Ƙasa bai kore ni ba."

In ya kawo tokar yakan tsaya a bayan waya yana kallon filin, yana magana kamar da kansa yake. Layin dutsen can ya buɗe, ruwa zai yanka ta wurin. Kashi na biyu ya gaji, in da shi ne da ya huta. Ina daga ciki ina yin kamar ina duba wani abu, ina haddacewa. Da haka filin ya farfaɗo. Masu dawaki daga wasu wurare suka riƙa zuwa tambayata yadda na rayar da fako, ni kuma ina juya musu maganar Baba da Turanci. Oga ya rasu yana yabona, bai taɓa jin gaskiya ba, wannan ƙofar kuma ta rufe har abada.

Sau ɗaya na yi yunƙuri. Da ciwo ya kwantar da shi bana, na same shi shi kaɗai a ɗaki da hantsi. Na durƙusa na ce, Baba, akwai maganar da na daɗe ina so in yi. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Kashi na uku ya zubar da iri?"

"Bai zubar ba tukuna, Baba."

"To kada ka buɗe."

Ya mayar da idonsa ya rufe. Na sami hanyar gudu, na kuma bi ta. Na ce a raina sai ya ji sauƙi. Bayan kwana tara ya rasu.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne, kuma Baba ya riƙe nasa har kabari. Amma amin ɗin da na ce ranar jana'iza ta hana ni sakat. Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a, mutane ba su watse ba, mata suna daga bakin zaure. Na ciro makullin daga cikin sauran makullaina. An daɗe da sauya kwaɗon, amma ban taɓa iya yar da shi ba. Na ajiye shi a tabarma gaban ƙanen Baba, na ce makullin ƙofar nan biyu ne, ga na biyun. Na faɗi komai, har da "tsoho" da nake ce masa, har da takardar gwajin ƙasa.

Na ɗauka za a ce an daɗe da sani. Ba wanda ya sani. Ko matarsa bai faɗa wa ba. Surukata ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina ce masa marar zuciya." Maƙwabcin nan ya riƙe baki. Matata ta dube ni kamar yadda ake duban baƙo, ta juya ta shige gida.

Ƙanen Baba ya ɗauki makullin ya juya shi a hannu, ya daɗe, sannan ya miƙo mini.

"Riƙe abinka, mu ba mu da ƙofar da zai buɗe. Yayana ya bar buhun toka huɗu a bayan rumbu, ciwo ya hana shi kaiwa. Gobe ka zo ka kai. Ka bar motarka a gida."

Washegari na zo. Ban taɓa sanin toka na da nauyi haka ba. Na ɗora buhun farko a kafaɗa na ratsa tsakiyar ƙauyen, mutane suna ƙofar gidajensu suna kallo, ba wanda ya ce mini sannu. Sawu huɗu na yi, kafaɗata ta saɓule. Da na sauke na ƙarshe na cire takalmi na shiga kashin farko, inda goɗiyar ta faɗi. Na durƙusa na buɗa ciyawa, na ɗebi ƙasa da yatsu biyu na sa a harshe, a gaban masu barga. Baƙa ce, mai sanyi. Ban san yadda ake gane tsami ba, don shekara goma sha huɗu ina tare da wanda ya sani ban taɓa tambayarsa ba.

Matata har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba. Duk wanda ya bi ta bayan Bwari ya ga dawaki cikin koren fili, ya sani ba aikin manaja ba ne. Aikin surukina ne, a gonar mahaifinsa, da harshensa da kafaɗarsa, kuma hankalinsa ɗaya har ranar da ya cika. Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya masa ƙasar da yake kwance a ciki. Kashi na uku bai zubar da iri ba tukuna, ƙofar tana rufe.